Yadda Muka Samu Fili da Ruwan Renon Itatuwa a Cikin Jami'a

Tun da hotunan ɗan gandunmu suka fara yawo a WhatsApp, ɗalibai daga wasu sassa da ma wasu makarantu suke tambayata ta ina muka bi har aka ba mu fili a cikin jami'a. Na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya, domin mun ɓata kusan wata biyar muna zagaye tsakanin ofisoshi, kuma rabin wannan lokaci ya tafi ne saboda ba mu san ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa ba. Ni ɗalibin nazarin ƙasa ne a wata jami'a a nan Katsina, ina aji uku lokacin da muka fara.

Abin ya faro ne a aji. Malaminmu yana bayani kan Babbar Koriyar Ganuwa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare hamada daga Senegal har Jibuti, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015, kuma Katsina na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Ya kawo labarin manoman Maraɗi, maƙwabtanmu ta hanyar Jibiya, waɗanda tun shekarun 1980 suka koma barin kututturen gona ya tofo suna yi masa sassabe har ya zama itace. Da aka tashi, wata 'yar ajinmu ta ce da shi: "Malam, mun rubuta duk wannan a jarrabawa, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa tsirar da gawo ko guda." Malam ya yi shiru, sannan ya ce idan da gaske muke, mu rubuto, shi zai tsaya mana. Ranar ne muka tsaya a bayan masallacin da ke kusa da ɗakunan karatu muna kallon ruwan alwala yana kwarara cikin wani kwatami, ya taru ya yi kore, sauro na tashi a kansa. Ga ruwa yana zuba sau biyar a rana, ga fili tsirara a gefensa. Tunanin ya haɗu da kansa: mu tace ruwan, mu reni dashe da shi, mu dasa a cikin makaranta idan damina ta sauka.

A farkon Nuwamba muka rubuta takarda shafi ɗaya, kai tsaye zuwa ga Shugaban Jami'a, muka kai ofishinsa. Sakataren ya karanta, ya miƙo mana abarmu cikin mutunci, ya ce takardar ɗalibi ba ta shiga nan sai ta biyo ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, kowanne ya sa hannu da hatimi. Wannan ne kuskurenmu na farko, kuma ya ci mana mako guda. Muka sake rubutawa, aka jera sunayen ofisoshin a saman takardar bi da bi. Shugaban sashe ya sa hannu a ranar, amma ya ce mu haɗa da cikakken bayani: girman filin da muke so, yawan dashen, inda kuɗi zai fito, da sunan malamin da zai ɗauki alhaki. Muka yi shafi huɗu da ɗan zanen wurin da hannu. A ofishin shugaban tsangaya takardar ta yi kwana tara, saboda ya yi tafiya. Wata Hajiya da ke riƙe da littafin shige da ficen takardu ce ta koya mini abin da ya cece mu daga baya. Ta ce: "Ɗana, duk inda ka kai takarda ka tafi da kwafi biyu. A buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, ka kuma rubuta lambar da aka ba ta a littafi. Takarda ba ta da ƙafa, mai ita ne ƙafarta." Tun daga ranar na sayi fayil na roba, ban sake rabuwa da shi ba.

Daga tsangaya aka tura mu ofishin kula da harkokin ɗalibai. Nan muka gano cewa jami'a ba ta ba wa tarin ɗalibai fili haka kawai, sai ƙungiya mai rajista da uban ƙungiya daga cikin malamai. Ƙungiyar ɗaliban sashenmu tana nan, amma ba a sabunta rajistarta ba a wannan zango. Sai da muka nemo kundin tsarin mulkinta, jerin shugabanni da lambobinsu na ɗalibta, da wasiƙar amincewar uban ƙungiya, muka biya naira 5,000 a banki muka kawo rasit. Mako biyu ke nan. Na tuna na fito daga ofishin ranar da aka ce mu dawo da kundin, hunturu ya fara busawa, raina a ɓace, ina ganin kamar ana yi mana wasa da hankali. Daga baya na fahimci dalilin. Ɗalibi yana gamawa ya tafi, ƙungiya ce ke zama, kuma dole a san wanda za a tuhuma idan wurin ya koma juji.

Sashen da ya fi ba mu wuya, kuma ya fi koya mana abu, shi ne na tsara filaye da gine-gine. Mu duk zatonmu sashen ayyuka ne ke da iko da fili, don haka can muka fara zuwa, muka yi kwana huɗu muna jiran darakta, sai ya ce shi gyara da kula da famfo da lantarki ne nasa, rabon fili na maƙwabtansa ne. A ofishin tsare-tsaren wani injiniya ya shimfiɗa mana babbar taswirar makarantar a kan tebur, ya ɗora yatsa daidai inda muka zaɓa. Ashe filin da muke gani fanko an ware shi don wani gini nan gaba, kuma wayar lantarki ta ƙarƙashin ƙasa ta ratsa gefensa. Ya ce: "Da kun haƙa rami a nan, da yanzu wani labarin ake yi." Ya tambaye mu irin itatuwan da za mu dasa, muka ce har da bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, da kuka. Ya ce manyan itatuwa ba za su matso kusa da gini ko bututun ruwa ba, saboda saiwa tana fasa tushen gini, tana kuma bin danshi ta shiga bututu. Ya yi alkawarin fitowa ya duba da idonsa. Mako uku muna bibiya, ga jarrabawar zangon farko ta shigo, sai a ƙarshen Janairu ya samu fitowa. Ya auna mana mita 10 a mita 15 can gaba kaɗan da masallacin, inda ƙasa ta ɗan gangara yadda ruwa zai tafi da kansa ba sai da inji ba, sannan ya nuna mana layin katanga da gefen wata hanya a matsayin inda za mu dasa. Ya rubuta a gefen takardarmu cewa aro ne, jami'a na iya karɓar filin reno duk lokacin da ta buƙata. Wasu daga cikinmu ba su ji daɗin wannan sharaɗi ba. Ni kuwa na ga adalci ne, tunda dashen da ke cikin leda ana iya kwashe shi a yini guda.

Kwamitin masallaci bai ɗauke mu lokaci ba. Bayan la'asar muka tsaya muka yi wa liman bayani. Ya ce ruwan alwala mai tsarki ne, babu laifi a shayar da itace da shi, sharaɗinsa kawai kada a kuskura a haɗa shi da magudanar banɗaki. Ya karanto mana hadisin da ke cewa babu Musulmin da zai dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi, face ya zama sadaka a gare shi. Ya ƙara da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda na ruwa yake alwala, mu kuwa muna sakin famfo yana zuba. Wannan magana ta sa muka tara ruwan yini guda a durom don mu san abin da muke da shi: daga azahar zuwa isha'i durom mai lita 200 ta cika har ta yi ambaliya. Asibitin makaranta ma sai da muka je, domin jami'in tsaftar muhalli ya sa hannu. Damuwarsa sauro ne. Ya ce dole duk mazubin ruwa ya kasance a rufe, kada ruwa ya kwana uku ba a yi amfani da shi ba, kuma kada mu shuka ganyen da ake ci ɗanye da wannan ruwa. Muka amince a rubuce.

Da duk waɗannan sa hannun suka cika, takardar ta koma sama ta ofishin magatakarda. A nan ne ta ɓace. Na je sau uku ana dubawa ba a gani ba. A karo na huɗu na fito da kwafina mai hatimin karɓa da lamba, masinja ya bi lambar a littafi, sai ga ta an haɗa ta cikin fayil ɗin wata ƙungiya. Ba don shawarar Hajiya ba, da sai dai mu sake daga farko. Wasiƙar amincewa ta fito a makon ƙarshe na Maris, sakin layi biyu kacal. Na tsaya a baranda na karanta ta sau uku, na kira sauran. Da ita muka je ofishin tsaro aka rubuta sunayen mutum shida da za a bari su shigo ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu, kowa da hotonsa da kwafin katin ɗalibta.

Kuɗin da muka kashe duka naira 109,000 ne. Bututun roba da gwiwoyinsa da gam sun ci 28,000 a Babbar Kasuwa, tsofaffin durom biyu 24,000, tsakuwa da yashi 9,000, mai aikin famfo 10,000, takin dabbobi buhu shida 9,000, garwar ban ruwa biyu 8,000, zana da ƙaya na shinge 12,000, buga takardu da kwafi 4,000, sai 5,000 na rajista. Mu arba'in muka yi karo-karon 1,500 kowa, malaman sashe da wasu tsofaffin ɗalibai suka cika sauran. Jami'a ba ta ba mu ko kwabo ba, kuma da gangan muka rubuta a takardar cewa ba kuɗi muke nema ba. Malaminmu ne ya ba da wannan shawara, ya ce da zarar an ga buƙatar kuɗi takarda za ta karkata ofishin ma'aji, ta jira kasafin baɗi. Ledar reno ba mu saya ba. Mun yi Asabar biyu muna tsintar ledar fiyawata a kewayen ɗakunan kwana da wurin masu abinci, muka yanke bakinta, muka huda ƙasanta huɗu-huɗu. Leda 800 muka cika da haɗin ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Tacewar ruwan ma ba wata fasaha ce mai wuya ba: durom ta farko an jera mata manyan tsakuwa a ƙasa, ƙanana a tsakiya, yashi a sama, ruwa ya ratsa ya zubo cikin ta biyu mai murfi da kan famfo.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a aikin nan sunansa bai fito a kowace takarda ba. Wani dattijo ne cikin leburorin da ke kula da furanni da share harabar makaranta. Ranar da muka fara cika leda ya zo ya tsuguna, ya ɗebi haɗin ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya ce: "Yara, takin nan bai gama ruɓa ba, zai ƙone muku saiwa, zai kuma kira gara." Na ce: "Baba, to yaya za mu yi?" Ya ce mu jiƙa shi mu rufe da buhu, mu riƙa juyawa, mu ba shi kwana goma. Shi ne ya nuna mana yadda ake ɗan kankare bayan ƙwayar gawo da ta bagaruwa da abin yanke farce kafin a shuka, saboda ɓawonsu yana da tauri ruwa ba ya shiga, da yadda ake zuba wa 'ya'yan kuka ruwan zafi a bar su su kwana. Ya hana mu ɓata lokaci da tsohon irin bedi da wani ya kawo daga gida, ya ce irin bedi 'yan makonni kawai yake yi da rai bayan ya faɗo. Abin da ya faɗa duka yana cikin littattafanmu da wasu kalmomi, amma a hannunsa muka gan shi. Zogale ya fito cikin mako guda. Gawo ya biyo baya da 'yan ganyayyakinsa sirara. Na tuna safiyar da na tarar da kukar farko ta ɗago ƙasa, ganye biyu masu kauri da ɓawon ƙwayar maƙale a kai kamar hula, na daɗe a tsugune ina kallo.

Sai dai mun makara, kuma makarar ta yi mana tsada. Mun shuka ne a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ledar fiyawata kuwa ƙarama ce, rabin lita, kafin azahar ta bushe. Dole muka yi rumfar zana, muka koma ban ruwa safe da yamma. Cikin 800, guda 610 suka tsira. Gawo ya ba mu wata matsalar, domin saiwarsa doguwa ce mai nutsawa, cikin 'yan makonni ta huda leda ta kama ƙasa. Baba ya ce mu riƙa ɗaga kowace leda duk mako biyu muna datse abin da ya fito. Wata rana kuma awaki suka samu kafa a shinge suka cinye layin zogale guda. A ƙarshen Yuli, da ruwa ya zauna sosai, muka dasa 300 a inda aka nuna mana, ragowar muka raba wa ma'aikata da wata makarantar firamare da ke kusa. Kowane rami mun yi shi faɗi da zurfin rabin mita, muka zuba taki da toka saboda gara, muka yi masa ɗan kewaye mai siffar rabin wata ta ɓangaren gangare don ya tare ruwa, irin wanda manoman Nijar ke yi a fako. Yawancin dashen bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba a lokacin. Da mun shuka a Fabrairu ko farkon Maris, da sun fi haka ƙarfi kafin ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba.

Hutun ƙarshen shekara ne ya nuna mana inda lissafinmu ya yi rauni. Ɗalibai sun watse, masu alwala sun ragu, durom ba ta cika ko rabi. Baba ya gaya mana cewa wasu sun taɓa dasa itatuwa a gefen wannan katangar, dogon yajin aikin 2022 na wata takwas ya zo, babu mai ban ruwa, duk suka bushe. Mu shida 'yan cikin gari muka raba kwanaki, muka kuma koma wurin daraktan ayyuka da wata sabuwar takarda muna roƙon a bar mu mu ɗebi ruwa a famfon da ke kusa idan na masallaci ya gaza. Ya amince da jarka goma a rana. Da mun sa wannan cikin takardar farko, da ba mu yi mako biyu muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa daga aljihunmu ba. Bayan hunturu da bazara muka ƙirga, cikin 300 da muka dasa 190 na raye. Gawo da bagaruwa da aduwa sun fi jurewa, mangwaron da muka sa don sha'awa kusan duk ya tafi.

Wanda zai yi irin wannan, shawarata ta farko ita ce ya yi lissafi daga damina ya dawo baya. Dashe a Yuli yana nufin shuka a Fabrairu ko Maris, wanda ke nufin wasiƙar amincewa ta kasance a hannu tun Janairu, don haka takarda ta shiga da zarar an dawo karatu. Kafin a rubuta komai, a je ofishin tsara filaye a roƙi ganin taswira, a zaɓi wuri tare da su, a kuma duba ko rajistar ƙungiya na nan daram. Takarda ɗaya ta ƙunshi komai: fili, ruwa na lokacin karatu da na hutu, izinin shiga, sunan malami mai alhaki, da bayanin cewa ba a neman kuɗi. A nemi leburorin lambu tun ranar farko, a girmama su, a sa musu wani abu a kasafi, domin su ne ke nan ran da kowa ya tafi. Kuma kada a cika buri. Da za mu sake, leda 300 za mu yi, mu ba gawo doguwar leda ta musamman, mu kashe sauran kuɗin a kan shinge.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda wurin ya koma aji. Kowane itace mun ɗaura masa lamba, duk farkon wata ana auna tsawonsa da kaurin gindinsa a rubuta a littafi guda da ke ofishin sashe. Mun kafa ma'aunin ruwan sama a tsakiyar filin, kuma 'yan aji ɗaya yanzu a nan suke gane cewa milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, har wasu sun fara lissafin abin da rufin ɗakin karatunmu zai iya tarawa a damina guda idan aka sa masa indararo da tanki. Mutum biyu a ajinmu da wannan littafi suke rubuta kundin kammala digirinsu, ɗaya kan juriyar nau'o'in itatuwan, ɗaya kan ingancin ruwan bayan tacewa. Makon jiya na miƙa fayil ɗin roba da mabuɗin shinge ga 'yan aji biyu, muka zagaya tare na nuna musu inda bututu ke toshewa da yadda ake wanke yashin durom duk wata. Takardarsu ta neman sa indararo ta riga ta shiga ofishin shugaban sashe, kwafi biyu, ɗaya da hatimin karɓa a hannunsu.